Roƙon Iri a Gonar Maigadi

Katangar bayan gidan Gwaggo Muhibba ta faɗi ne wata Laraba cikin watan Agusta, da hantsi, bayan ruwa ya kwana biyu bai ɗauke ba. Ina zaune a falo na ji ƙara kamar an juye tipar dutse. Kafin in zagaya, Malam Jibrin, mai kula da shuke-shuken gidan, ya riga ni isa. Na tarar da shi tsaye cikin yayyafi, hannu biyu a ka, yana duban tulin bulo da ya kwanta tun daga gindin mangwaro har ɗakin janareta. A ƙarƙashin bulon akwai kunya shida na dawa, kuma ba dawar tuwo ba ce.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Farfesa ce a kimiyyar tsirrai, a ɓangaren da ke nazarin yadda shuka ke gadon halayenta daga iyayenta. Mahaifinsu malamin gona ne a ƙasar Gumel, kuma a bayan kekensa ta fara sanin gonaki tun tana ƙarama. Ita kaɗai ce mace a ajinsu lokacin da ta yi digirin farko a Zariya. Da ta dawo daga ƙasar waje da digirin digirgir, an yi zaton za ta zauna a ofis mai sanyi, sai ta nemi a ba ta tsohuwar mota da direba, ta shiga ƙauyuka tana tara iri. Ta ce tun da wuri ta gane cewa maza ke noma, amma tsofaffin mata ke ajiyar iri, cikin tukunya da toka, a lungun ɗaki inda jika ba ya kai hannu.

A ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiyen ta ga wata 'yar gona tsaye shar a tsakiyar gonakin da ƙuduji ya cinye. Ƙuduji ciyawa ce mai kyawun fure wadda ke maƙale wa saiwar dawa ta tsotse ta, har manomi ya tashi da kara babu tsaba. Gonar ta wata tsohuwa ce mai suna Hajara, wadda ta ba Gwaggo zangarniya biyu. Shekara ashirin da ɗoriya Gwaggo ta yi tana shuka jikokin zangarniyun nan, tana zaɓe tana zubarwa, har ta fitar da iri guda tsantsa wanda ƙuduji ba ya iya kamawa. A takardun bincike yana da lamba mai tsawo. A bakinta kuwa 'Yar Hajara ne sunansa.

Bayan ta yi ritaya, na'urar sanyaya ɗakin ajiyar iri ta cibiyar da ta yi wa aiki ta mutu, aka yi watanni ana rubuce-rubuce kafin a gyara. Da aka gwada abin da ke ciki, 'Yar Hajara ba ta tsiro ba. Abin da ya rage a duniya shi ne ambulan guda da Gwaggo ta ajiye cikin gwangwanin madara a firjinta, tsaba ɗari da ashirin, masu shekara tara. Iri yana tsufa kamar mutum. Idan ba a sabunta shi a daminar nan ba, ta ce, ba lalle ne ya kai ta gaba ba. Shi ne ta danƙa wa Malam Jibrin ambulan ɗin a watan Yuni ya shuka, domin ciwon suga ya riga ya dusashe mata idanu, inuwa kawai take rarrabewa da haske.

Ni kuwa na zo gidan ne bayan na gama hidimar ƙasa, da digirin tarihi a jaka da wasiƙun neman aiki da babu wanda ya amsa. Aikina in karanta mata mujallu da wasiƙu, in rubuta abin da ta faɗa. Na ɗauki shekara biyu ina kallonta tana ƙarewa a hankali, ina tambayar kaina ko akwai wani aikin ɗan Adam da ba a gina shi a kan abu mai ruɓewa ba.

Ni na shiga na faɗa mata. Tana zaune a kan darduma da carbi a hannu. Ta saurare ni har na gama.

"Ko ɗaya bai tsira ba?"

"Ba mu ɗaga bulon ba tukuna, Gwaggo."

"To me kake yi a nan?"

Har la'asar muna kwashe bulo, ni da Malam Jibrin. Duk karan sun karye daga gindi, laka ta binne su. Gwaggo ta ce a bar saiwar, dawa takan sake tofo. Mako guda muka jira, ruwa na kwance a wurin, babu abin da ya fito sai warin ruɓa. A makon nan ba ta yi kuka ba, ba ta zargi kowa ba. Sai dai ta daina cewa in karanta mata komai.

A rana ta takwas, bayan azahar, Malam Jibrin ya yi sallama a ƙofar falo, ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da ita. Mutumin Jigawa ne, ya ba sittin baya, kuma shekararsa goma sha huɗu a gidan.

"Hajiya, ranki ya daɗe, akwai maganar da ta tsaya mini a wuya."

"Fito da ita, kada ta shaƙe ka."

"Irin nan da kika ba ni, ba duka na shuka ba."

Gwaggo ta ajiye carbin.

"Ranar da nake shukar, Maharazu maigadin filin nan na kusa da mu ya leƙo. Ya ga tsabar ta yi masa kyau, ya ce in sam masa. Ni kuwa, Hajiya, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an roƙi mutum iri ya hana ba. Abinci ma a iya cewa babu. Na ɗiba masa kamar cikin cokali."

"Ka san abin da ka bayar kuwa?" na ce. "Aikin shekara ashirin da ɗoriya ne ka ɗiba da cokali."

"Taufiq," in ji Gwaggo, "da wa kake magana haka?"

Ta juya wajen da take jin numfashinsa.

"Malam Jibrin, ya shuka?"

"Ya shuka. Sai dai ya zuba cikin ƙwaryar irinsa ya gauraya, kamar yadda ake yi."

"Ta fid da kai?"

"Wasu sun yi ciki. Nan da kwana biyar ko shida za su fara."

Ta yi mana bayanin abin da ke gabanmu a taƙaice. Da zarar zangarniya ta yi bununi, iska za ta kwaso garin furen dawar da ke kewaye da ita ta zuba mata, kuma abin da za ta haifa ba 'Yar Hajara ba ne, ruwa biyu ne. Dole a gano kowane kara nata a cikin gonar, a rufe kansa da jakar takarda kafin ya buɗe, domin ya haifi kansa da kansa.

Ban jira an aike ni ba. Filin maƙwabtanmu kango ne mai faɗi na wani Alhaji da ke zaune a Abuja, an zagaye shi da katanga shekaru da yawa ba a yi gini ba. Kamar sauran masu gadin irin waɗannan filaye a unguwarmu ta Nassarawa, Maharazu yana noma shi duk damina. Bakatsine ne, dogo, mai fara'a, kuma mun sha gaisawa a bakin titi. Na same shi yana gyara ƙotar fartanya a ƙofar ɗakinsa. Na gaishe shi a tsaye, na ce akwai irin Gwaggo da aka ba shi bisa kuskure, mun zo karɓa, kuma za a biya shi duk abin da ya yanka.

Ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Bisa kuskure? Malam Jibrin ya ba ni da hannunsa, na yi godiya, na ce Allah ya sa albarka. Ina kuskuren?"

"Ba shi da ikon bayarwa."

"To ai sai ka je ka faɗa wa ƙasar da ta karɓa." Ya ci gaba da aikinsa. "Malam Taufiq, a makarantar taku ba a koya muku cewa kyauta ba ta komawa? Kuma ni ba na sayar da hatsi a tsaye. Wanda ya sayar da abin da bai nuna ba, ya sayar da abin da ba nasa ba."

Na yi maganar kimiyya, na yi maganar manoma miliyoyi, har na ambaci cewa filin ma ba nasa ba ne. Da na faɗi wannan, fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ce lambar Alhaji na rubuce a jikin ƙofa, in kira shi. Ya shige ɗaki.

Na koma gida da kunyar da ban taɓa ji ba. Na faɗa wa Gwaggo komai, ban rage ba, domin na san ko na rage za ta ji a muryata.

"Ka zauna da ka je?"

"A'a."

"Ka tambaye shi damina?"

"A'a."

"Ka tafi karɓar kaya ke nan, kamar ɗan sanda." Ta ɗan yi murmushi. "Mutumin nan ya fi ka gaskiya. Dawar tasa ce. Gobe da safe ka ɗauko mini mayafina na gona da takalmin roba."

Washegari da misalin ƙarfe takwas muka fita. Ta hana a tayar da mota. Ta dafa kafaɗata da hannun hagu, sanda a dama, Malam Jibrin na biye da mu da goro a ƙullin takarda. Tazarar ba ta kai taku ɗari biyu ba, amma direbobin layin da ke wanke motoci duk suka tsaya kallo, domin an shekara ba a ga Farfesa a ƙafa ba.

Maharazu ya rikice da ya gan ta. Ya ruga ya ɗauko kujerar roba yana gogewa da hannun riga. Ta ce a'a, a shimfiɗa mata buhu. Ta zauna a ƙasa, a bakin kunyar farko, ta miƙe ƙafafu. Dole shi ma ya durƙusa.

Ta tambaye shi iyali. Ta tambaye shi garinsu, da ya faɗi sunan ƙauyen ta ce ta kwana biyu a can shekarun baya, ta tambaya ko rijiyar nan ta gindin tsamiya tana nan, wadda ruwanta ke da ɗan gishiri-gishiri. Ya buɗe baki yana dubanta. Suka yi hirar damina, da tsadar taki, da tsutsar da ta addabi masara. Ta sa ya tsinko mata ganyen dawarsa, ta shafa, ta sansana, ta ce ƙasar na son taki na gida. Na tsaya ina ƙirga mintuna a raina, ina tunanin furen da ke shirin buɗewa. Kusan sa'a guda ba ta ambaci abin da ya kawo ta ba.

Sannan ta miƙa masa goron.

"Malam Maharazu, na ji labarin kana da dawa mai kyau a gonar nan. Ni tsohuwa ce, tawa ta mutu. Iri na zo roƙo."

Maharazu ya karɓi goron. Ya dubi Malam Jibrin, ya dube ni, ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, kin ɗaure ni da igiyata."

"Ban ɗaure ka ba. Kana iya cewa babu."

"Wa ya taɓa cewa babu? Gona taki ce, ranki ya daɗe. Zaɓi wadda ta yi miki." Ya nuna ni da haɓa. "Amma wannan malamin naki, a sa shi ya riƙa sallama."

Ba a taɓa yi mini faɗan da na karɓa da farin ciki irin wannan ba. A lokacin na fahimci cewa abin da na gani ba dabara ba ce da ta ƙirƙira domin ranar. Haka ta zauna a gaban Hajara, haka ta zauna a ɗaruruwan tsakar gida tsawon shekara talatin da shida. Duk abin da aka rubuta da sunanta, a kan buhu ta samo asalinsa.

Saura ganowa. Gonar na da kara ya fi dubu, kuma a idona duk ɗaya suke. Gwaggo ta ba ni alama biyu. Jijiyar tsakiyar ganyen dawar Maharazu fara ce tas, ta 'Yar Hajara kuwa kore ce mai duhu-duhu. Sannan dawa takan yi wani farin gari kamar toka a jikin kara, wanda 'Yar Hajara ba ta yi. Ta farko aikin idona ce, ta biyu aikin yatsunta.

Muka shiga kunya-kunya. Duk wadda na zarga, sai in kai hannunta kai, ta murza karan da babban yatsa, ta murza yatsun a junansu kusa da kunnenta kamar mai sauraro.

"A'a. Gaba."

Sau goma sha bakwai a jere tana cewa a'a. Maharazu da Malam Jibrin na biye da mu, sun sami abin nishaɗi.

"Shekara nawa ya yi a jami'ar?" in ji Maharazu.

"Huɗu, ban da ta yajin aiki," in ji Malam Jibrin.

"Ashe ba a kai ga darasin kore da fari ba."

"Ku ƙyale mini ɗa," in ji Gwaggo. "Ni ma sai da na shekara uku kafin ganye ya fara yi mini magana."

A kunya ta tara na tsaya gaban wani kara da bai kai sauran tsayi ba. Na duba jijiyar sau biyu kafin in yi magana. Na kai hannunta. Ta murza, ta sake murzawa, ta bi karan da tafin hannu har sama inda ya kumbura da ciki. Ta daɗe a haka.

"Ita ce," ta ce a hankali. "Ba ni jaka."

Da kanta ta sa, domin ta ce in kalla sau ɗaya. Ta buɗe jakar takardar da numfashi, ta kifa a kan, ta naɗe bakin, ta maƙale da ƙarfen maƙale takarda, duk a cikin ɗan lokaci, ba tare da ta gani ba. Hannun da ke rawa idan ta ɗauki kofin shayi bai yi rawa ba ko kaɗan.

Kwana uku muka yi muna wannan aiki, daga safe zuwa azahar. Ƙafafunta suka kumbura, na roƙe ta ta huta a rana ta biyu, ta ce dawar ba ta san tana da ciwon suga ba. Mun sami kara goma sha huɗu. Uku daga ciki sun riga sun fara bununi, ta shafa su ta ce a bar wa Maharazu, tuwonsu zai yi daɗi. Goma sha ɗaya muka rufe. Maharazu ya tsaya daga nesa yana duban gonar tasa, ya ce in Alhaji ya zo ya ga dawa da hula, sai mu zo mu yi masa bayani da kanmu, domin shi ba zai yarda a ce yana tsafi ba. Amma shi ne ya riƙa zagayawa bayan kowane ruwa yana sauya jakar da ta jiƙe, yadda ta nuna masa.

A ƙarshen Oktoba muka yanke. Kowace zangarniya aka shanya ta daban, aka sussuke ta daban, aka ba ta lamba. Tsabar ta yi kyau, amma Gwaggo ta hana kowa murna. Ta ce jaka na iya yagewa inda ido bai gani ba, ko a makara da sa ta da yini guda, kuma tsaba ba ta faɗin wanda ya haife ta. Tsiro ne ke faɗa. Tsiron dawar Maharazu ja ne a gindi, na 'Yar Hajara kore ne, kuma idan an gauraya, jan ne ke rinjaye.

Bayan wata guda ta sa na jiƙa buhun algarara, na shimfiɗa a faranti a baranda, na jera tsaba ashirin-ashirin daga kowace zangarniya, layi goma sha ɗaya. A rana ta shida, bayan mun karya kumallo, aka fito mata da kujera. Malam Jibrin ya zo ya tsaya, Maharazu ma ya baro gadinsa ya tsugunna a bakin matakala.

"Layi na ɗaya," ta ce. "Kada ka faɗa mini abin da kake so. Faɗa mini abin da ka gani."

Na durƙusa na duba su ɗaya bayan ɗaya.

"Goma sha tara sun fito. Duka kore."

"Na biyu."

"Kore."

Na uku ma haka. A na huɗu na ga guda biyu masu ja kamar an ɗiga musu jini. Na ɗan jinkirta.

"Akwai ja," ta ce, tun ban buɗe baki ba. "Nawa?"

"Biyu."

"A fitar da ambulan ta huɗu gaba ɗaya. Ci gaba."

Na bakwai ma ya faɗi. Da na kai layi na goma sha ɗaya gwiwoyina sun yi tsami, kuma tara ne suka fita tas. Ta sa na sake bi daga ƙarshe zuwa farko, sannan ta sa Maharazu ya duba, domin ta ce ido biyu na gida ɗaya shaida guda ce. Ya kai fuskarsa kusa da farantin ya daɗe yana kallo.

"Malamin naki ya koyi kore, Hajiya. Tara ne."

Ta jingina da kujera ta rufe idanu, leɓunanta na motsi. Tsaba ɗari da ashirin masu mutuwa ta fara daminar da su. Yanzu a kan tebur akwai ambulan tara, kowace da sabuwar tsaba sama da dubu.

"Taufiq, ɗauko littafin da biro. Rubuta kwanan wata. Rubuta: an sabunta, zangarniya tara, tsantsa. A wurin da aka ce gona, sa sunan Malam Maharazu da sunan mahaifinsa, ka tambaye shi yadda yake so a rubuta. In ka gama ka kira mini Dakta Nabiha, ɗalibata. Ka ce ta zo da mota gobe, ta kuma zo da tabbacin inda za ta ajiye, wuri uku, ba ɗaya ba."

Na buɗe littafin a kan gwiwata, na juya wajen Maharazu, na yi masa sallama, sannan na tambaye shi sunan mahaifinsa.